Yadda ake zaɓar wutar gida: fes ɗaya ko fes uku, da karanta lambobin jikin kayan wuta

Tambayar da masu sabon gini suka fi yi mini ita ce: "Malam, fes ɗaya zan ja ko fes uku?" Sau da yawa kafin in buɗe baki mutum ya riga ya yanke hukunci a ransa, don maƙwabcinsa fes uku gare shi. Ni kuwa amsata kullum ɗaya ce: a kawo takarda da biro mu ƙirga kayan da za su sha wutar. Gidan ne zai faɗi abin da yake buƙata, ta bakin 'yan lambobin nan da ke manne a bayan firij da gindin dutsen guga, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa duƙawa mun karanta ba. Ga yadda nake bi, tun daga falwaya har akwatin bireka.

Kayan da za ka tanada

Littafi da biro, da kalkuletar wayarka. Maltimita, wato na'urar da ke faɗin bolt nawa ke cikin soket. Kilam mita in da hali, wadda ake maƙala wa waya ɗaya ta nuna amfiya nawa ke bi ta ciki. Testa mai kyau, sukundireba mai hannun roba, tocila, da takalmi mai tafin roba busasshe. Sai zanen ginin, ko da na hannu ne, mai nuna ɗakuna da kicin da banɗaki. Kyamarar waya ma kayan aiki ce, don farantin lambobin da ke bayan firiza ya fi sauƙin karantawa a hoto.

Idan babu maltimita, ari sitabilaiza mai nuna lambar wutar da ke shigowa. Mita mai kati da yawa ma tana nuna bolt idan ka san lambar da ake dannawa.

Gargaɗi tun kafin mu fara: awo a soket da lissafi a takarda kowa zai iya. Amma falwaya, wayar da ta sauko daga kanta, da mita, na kamfanin wuta ne, kada ka taɓa. Buɗe akwatin bireka kuma aikin wanda ya koya ne.

Mataki na 1: Dubi abin da ke ƙofar gidanka

Fita ka ɗaga kai ka ƙirga wayoyin da ke kan falwayar layinku. Taransifomar unguwa tana karɓar bolt 11,000 ko 33,000, ta sauke shi zuwa abin da gida zai iya sha, ta fitar da wayoyi huɗu: uku masu wuta, su ne fes, sai ta huɗu nutiral, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Tsakanin kowane fes da nutiral bolt 230 ne. Tsakanin fes da fes kuwa bolt 400. Tsofaffin ma'aikata za ka ji suna cewa 240 da 415, maganar duk ɗaya ce. Bugun wutarmu 50Hz ne. A Nijar, wajen NIGELEC, 220 da 380 aka saba faɗa, bugun shi ma 50 ne.

To mai fes ɗaya waya biyu yake ja, mai fes uku waya huɗu. Abin da nake so ka riƙe shi ne, fes uku ba ya ƙara wa soket ɗinka ƙarfi ko kaɗan. Fankarka da firijinka 230 ɗin nan za su ci gaba da sha. Hanya uku kawai ka samu ta raba lodi maimakon ɗaya.

Idan waya biyu kaɗai ka gani a layinku, fes uku bai iso ba, kuma jawo shi daga nesa kuɗi ne mai yawa. Gara ka sani tun yanzu.

Mataki na 2: Auna wutar unguwar

Roƙi maƙwabci na kusa ya bar ka ka auna soket ɗinsa sau uku: da hantsi, da azahar, da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. Ka rubuta. Daga 215 zuwa 240 lafiya lau. Idan bayan magariba tana sauka 180 ko ƙasa, taransifomar ta yi lodi, ko kuma kana can ƙarshen layi. Awon watan Afrilu ya fi gaskiya a kan na Disamba, don a zafi ne ake gane halin taransifoma.

Wannan awon yana da muhimmanci saboda duk abu mai mota a ciki, wato injin da wuta ke juyawa, irin su AC da firij da sumo, idan wuta ta yi lo ƙarin amfiya yake ja don ya cika aikinsa. AC mai cin wat 1,200 yana jan amfiya 5 da ɗoriya a kan 230, amma a kan 180 sai ya doshi 7, kwamfiresa ta yi zafi, waya ta yi zafi. Dutsen guga da hita su kam sanyi kawai suke yi.

Mataki na 3: Karanta farantin kowane kaya

A nan nake so mu daɗe, don nan ne asarar mutane ta fi yawa. Kowane kayan wuta na kirki yana da faranti ko takarda a jikinsa. Ga abin da za ka nema.

Harafin V shi ne bolt. Idan ka ga 220–240V, namu ne. Idan ka ga 100–240V, kamar yadda yake a yawancin cajar waya da ta kwamfuta, ko'ina a duniya zai yi. Amma 110V ko 120V kaɗai, wannan na Amurka ne, 100V kuma na Japan. Na taɓa zuwa wani gida inda 'yar'uwar uwargida ta aiko mata da injin markaɗe daga Amurka. Bakin filoginsa bai shiga soket ba, sai yaro ya sayo adafta a shagon bakin titi. Ta ce mini ƙara ɗaya ya yi mai ƙarfi, sai hayaƙi da warin roba. Na juya gindinsa na nuna mata: 120V 60Hz. Adafta bakin filogi kawai take canzawa, wutar da ke bi ta ciki tana nan yadda take. Irin wannan kaya sai da taransifomar rage wuta, kuma wat ɗinta ya ninka na kayan, ko aƙalla ya ɗara da rabi.

Hz shi ne bugu. 50Hz ko 50/60Hz shi ne namu. Alhazai su kula da tsarabar Saudiyya, don can 60Hz suke amfani da shi ko da bolt ɗin ya zo daidai da namu. Buta ko dutsen guga ba ruwansu da wannan. Amma abu mai mota da aka ƙera don 60 kaɗai, a kan wutarmu gudunsa zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa zafi, kwanansa ya gajarta.

W shi ne wat, abin da kayan ke ci. A kuma amfiya, yawan wutar da ke bi ta waya. Lissafi ɗaya ne ya haɗa su: bolt sau amfiya shi ne wat. In an ba ka wat, raba shi da 230 ka sami amfiya. Butar lantarki mai wat 2,000 kusan amfiya 9 take ja. Soket ɗin gida mai baki uku 13A aka rubuta masa, iyakarsa ke nan kusan wat 3,000. Wanda ya haɗa buta da dutsen guga a ekstenshan ɗaya ya wuce wannan iyakar, shi ya sa bakin ke narkewa ya yi baƙi.

Hos kuma, da ake cewa AC hos ɗaya da rabi ko sumo hos ɗaya, kowane hos wat 746 ne na aikin da mota ke fitarwa. Abin da take sha daga waya ya fi haka. Saboda haka kada ka tsaya a hos, nemi inda aka rubuta Input ko Rated current. Ka kuma sani mota lokacin tashi tana fizgar ninki uku zuwa shida na abin da take ci tana gudu, na ɗan daƙiƙu. Shi ne dalilin da kwan fitila ke ƙiftawa idan firiza ta tashi. AC mai inbata a ciki a hankali yake tashi, ba ya wannan fizgar.

Akwai wasu haruffa biyu da masu saye a ƙasarmu ta zafi ba sa dubawa, kuma abin na damuna. A jikin firij za ka ga SN, N, ST ko T. Mai ST an yi shi don zafin da bai wuce digiri 38 ba, mai T har 43. Firijin gwanjo daga Turai sau da yawa N ne, iyakarsa 32, shi ya sa a Sakkwato ko Maiduguri kwamfiresarsa ba ta hutawa a watan Afrilu. A AC kuma T1 iyakarsa 43, T3 har 52. In kana da zaɓi, ɗauki T3. Fitilar tsakar gida da soket na waje kuma nemi mai IP44 ko IP65, saboda ruwan damina da ƙurar hunturu.

Idan farantin ya goge, kunna kayan ka maƙala kilam mita a waya ɗaya. In ka haɗa biyun a bakinta sifili za ta nuna. Babu kilam mita, duba farantin irinsa a shago.

Mataki na 4: Yi lissafin lodi

Jera komai, har da abin da ba ka saya ba tukuna amma kana da niyya. Ga misalin gida mai ɗaki uku da falo:

Kwan LED 20, kowane wat 12: 240
Fanka 6, kowace 75: 450
Talabijin 2: 200
Firij da firiza: 350
AC hos ɗaya da rabi guda 2, kowane 1,200: 2,400
Dutsen guga: 1,200
Hitar banɗaki: 1,500
Sumo hos ɗaya: 1,100
Butar lantarki: 2,000

Jimla wat 9,440. Raba da 230, ka sami amfiya 41. Saboda motoci na jan ɗan ƙari, ce 45.

Wannan kuwa idan an kunna komai a lokaci guda ne, abin da ba ya faruwa. Ranar da ake kunna AC ba a neman ruwan zafi, ranar hunturu da hita ke aiki AC na kashe. A zahiri gidan nan da wuya ya wuce amfiya 30. Wannan ragin na zaɓar girman layi ne kawai. Wayar kowane kaya dole ta ɗauki cikakken abin da yake ci.

Mataki na 5: Yanke shawara

Dubi fuskar mitar da za a ba ka. Za ka ga abu kamar 5(60)A ko 5(80)A, lambar ƙarshe ita ce iyakarta. Amfiya 60 a kan 230 wat 13,800 ke nan. Ni ba na son gida ya zauna sama da kashi 80 cikin ɗari na iyakarsa, wato amfiya 48, kimanin wat 11,000. Gidan misalinmu ya shiga fes ɗaya har da sauran wuri.

Fes uku ya zama dole a wuri uku. Na farko, lodi ya wuce wancan: AC biyar ko shida, murhun lantarki mai kai huɗu da oben, hita a kowane banɗaki. Na biyu, akwai injin da farantinsa ya ce 400V ko 3~, kamar babban sumo na rijiyar burtsatse mai zurfi. Na uku, gidan haya mai sassa da yawa, kodayake a nan na fi son kowane sashe da mitarsa ta fes ɗaya, a raba su kan fes daban-daban, don zaman lafiyar 'yan haya.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu da yawa ke son fes uku: idan layi ɗaya ya ɗauke ko ya yi lo, a juya zuwa wani. Ba zan ce ba shi da amfani ba, don na ga gidajen da hakan ke taimaka wa. Amma idan kowa ya tattara gidansa ya koma kan layin da ya fi haske, shi ma durƙushewa yake, taransifoma ta karkace ta ƙone, unguwa ta kwana wata a duhu ana karo-karo. In za ka yi, sa makunnin zaɓen fes na gaskiya wanda amfiyarsa ta kai ta babban bireka. Cire katawut da hannu ana mayarwa wani rami, musamman a aiki yaro cikin dare, wannan ganganci ne da rai, don tsakanin ramukan nan bolt 400 ne.

Mataki na 6: Daidaita bireka da waya

Bireka waya yake karewa. Idan ka fahimci wannan, rabin aikin ya ƙare. Ga yadda aka saba da wayar tagulla: 1.5mm na fitilu da fankoki, bireka 6A ko 10A. 2.5mm na soket, bireka 20A, ko 32A idan an zagayo da wayar ta dawo akwati ta zama zobe. 4mm na AC ko hita, kowane da layinsa shi kaɗai, bireka 20A da makunni mai 20A a bango. 6mm na murhun lantarki, bireka 32A. Daga mita zuwa akwati, 16mm ga babban bireka 63A. Idan tafiyar na da nisa, kamar sumo a ƙarshen fili, ƙara kaurin waya mataki ɗaya, don wuta na raguwa a hanya.

A fuskar bireka za ka ga B16 ko C32. Lambar amfiya ce. Harafin C ya fi B haƙuri da fizgar tashin mota, shi ya dace da AC da sumo. Lambar 6000 da ke cikin ɗan akwati kuma ita ce girman wutar da zai iya katsewa idan waya ta haɗu, ba tare da shi kansa ya fashe ba.

Kuskuren da na fi gani: bireka na yawan faɗuwa, sai a cire 20A a sa 40A a kan waya 2.5mm. Faɗuwar ta tsaya, amma yanzu wayar da ke cikin silin ce za ta gasu. A nemo abin da ke kayar da shi, a raba lodin.

Wajen sayen waya, kankare bakinta da wuƙa. In cikin ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa ruwan tagulla, ajiye ta. Nemi mai tambarin hukumar SON da sunan kamfani da girman a rubuce a jikin robar. Ka kuma kula da launi. A tsohon tsari ja, rawaya da shuɗi su ne fes, baƙi nutiral. A sabon tsari ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka ne fes, shuɗi nutiral. Ka ga baƙi da shuɗi sun yi musanyar aiki, kuma duka biyun suna kasuwa. Kada ka yarda da launi sai ka gwada.

Mataki na 7: Nutiral da ating

Mai fes uku ya raba lodinsa daidai gwargwado: AC biyu nan, biyu can, hita da sumo a na uku. A auna da kilam mita bayan magariba a gyara.

Sannan ya kula da nutiral kamar ƙwayar idonsa. An taɓa kirana wani gida da daddare, maigidan yana cewa, "Malam, wutar falo kamar rana, ta kicin kamar aci-balbal." Ina shiga warin ƙonannen caja ya tare ni. Na auna soket ɗin falo, sama da 300. Na kicin bai kai 150 ba. Na kashe babban makunni nan take. Da gari ya waye muka gano mahaɗar nutiral ce, inda aka murɗe alminiyom da tagulla da hannu aka naɗe da tef, ta zama farin gari kamar toka. Idan nutiral ya katse a fes uku, layin da ke da ƙaramin lodi sai wutarsa ta haura ta doshi 400. Talabijin biyu da firij suka tafi a daren. Maganinsa mahaɗa ta musamman da aka yi don haɗa ƙarafan biyu, a ɗaure tam, sannan a sa na'urar kariya a akwati mai yanke wuta idan ta haura ko ta sauka fiye da kima. Kada a taɓa sa fis a kan nutiral. Mai sumo na fes uku kuma ya sa rilen da ke kashe shi idan layi ɗaya ya ɗauke, in ba haka ba kwayil zai ƙone cikin mintuna.

Ating kuwa, wato hanyar da ke kai yoyon wuta cikin ƙasa, sandar tagulla ake kafawa a ƙasa, a ja waya mai kore da rawaya zuwa kowane soket. Ƙasarmu busasshiya ce a rani, don haka zaɓi wuri mai danshi. An saba zuba gawayi da gishiri, sai dai gishiri na cin sandar da daɗewa. Na fi son a kafa biyu ko uku da tazara a haɗe su. A ƙara da bireka mai gane yoyon wuta, wanda aka rubuta wa 30mA. Shi ne ke yankewa idan wuta ta bi ta jikin mutum a banɗaki.

Mataki na 8: Janareta, inbata da sitabilaiza

Waɗannan da VA ko kVA ake rubuta su. Don ka zauna lafiya, ninka da 0.8 ka sami wat: 2.5kVA wat 2,000 ne, 5kVA kuma 4,000. A janareta dubi lambar Rated, don ta Max ta ɗan lokaci ce. Sitabilaiza mai 5,000VA ba ta iya ba da wannan duka idan wutar da ke shigo mata ta faɗi 140, saboda haka sayi wadda ta ninka kayanka. Canjoba dole ne, mai raba gidan da layin kamfani gaba ɗaya. Janaretan da aka soka a soket yana tura wuta baya zuwa falwaya, inda wani bawan Allah ke aiki yana zaton an ɗauke.

Mataki na 9: Nemi mita, a gwada, a rubuta

Kai lissafinka ofishin kamfanin yankinku: KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara, JED a Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, YEDC a Adamawa, Taraba, Borno da Yobe, AEDC a Abuja, Neja, Nasarawa da Kogi. Ka faɗi irin mitar da kake so, ka tafi da mai wayarin da ke da shaidar hukumar NEMSA. Idan kana tsakiya, ba ka tabbatar ko gidan zai girma ba, ja fes ɗaya yanzu, amma ka binne bututu mai faɗi daga mita zuwa akwati, ka sayi akwatin da ke da sauran gurabe, don ranar ƙari ba sai an fasa bango ba.

Ranar da aka haɗa wuta, a kashe bireka duka, a riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ana auna kowane soket. A kunna manyan kaya na rabin awa, a shafa murfin akwatin da makunnin AC da bayan hannu, in akwai mai ɗumi a kashe a ƙara ɗaure sukurorinsa. A danna maɓallin gwaji na bireka mai 30mA a ga ya faɗi, a kuma riƙa maimaita wannan duk bayan wata uku. Daga nan ka ɗauki takarda ka rubuta bireka na ɗaya fitilun falo, na biyu soket ɗin kicin, har na ƙarshe, tare da girman wayar kowanne da jimlar lodin da ka lissafa, ka manna ta a cikin murfin akwatin.